Daga dokin laka zuwa gubar dalma: Wane launi ake yi wa inuwar ɗinkin riga?

Da zarar damina ta kankama, bakin kududdufi ya koma masana'antar yara. A ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, kamar dai sauran ƙasar Hausa, za ka tarar da su sun yi dirshan, kowa da curin laka a gabansa. Wannan yana gina bijimi mai tozo, wancan raƙumi, wani kuma mota. In an yi Sallah ba da jimawa ba, to doki ne ke tashe, domin idonsu bai gama mantawa da hawan sarki ba. Sai a gina doki, a ɗora masa mahayi, a naɗa masa rawani, a kafa masa lema da tsinke da ganye.

Yawancin waɗannan dawakai ba sa kwana biyu. Amma akan sami yaro mai naci, ko wani yayansa da hannunsa ya faɗa, wanda zai shanya nasa ya bushe, ya turbuɗe shi a tokar murhu ya yi tauri, sannan ya nemo ragowar fenti ya ce sai ya yi wa mahayin babbar riga irin ta gaske. A nan ake fara cin karo da matsala. Ya shafa farin fenti, sai mahayin ya koma kamar dunƙulen alli: ba a gane inda hannun riga ya tsaya, ba a ganin wuya, ba a ganin aljihu. Sai ya ɗauko baƙi ya jajja layuka a inda ɗinki yake. Yanzu kuma sai ka ce an ɗaure bawan Allah da waya.

Wannan 'yar matsala, da za a ɗauka ta yara ce, ta shekara da shekaru tana ɗaure wa manya kai a wasu ƙasashe. A yammacin Zamfara kuwa tana da wata fuska ta biyu, wadda ta shafi rai.

Abin da bai kai tsinken ashana ba

A Turai da Amurka akwai dubban mutane, magidanta da iyalansu, da ke kashe dare suna yi wa ƙananan sojoji da mahaya na roba ko ƙarfe fenti. Tun a 1893 kamfanin William Britain na Ingila ya fara fitar da sojojin wasa na dalma masu rami a ciki, kuma tsawon milimita 54 ya zama ma'aunin da aka san shi da shi. Na yanzu, irin waɗanda ake wasannin yaƙi da su a kan tebur, galibi milimita 28 zuwa 32 ne. Ba su kai tsinken ashana ba.

A yi lissafi. Mutum mai tsawon mita 1.7 idan aka mayar da shi milimita 30, an rage shi kusan sau 57. Ɗinkin da faɗinsa milimita biyu ne a jikin riga zai koma siririn da bai kai gashin kai ba. Babu buroshin da zai iya zana shi daidai, kuma ko an zana ido ba zai gani ba. Saboda haka abin da mai fenti ke zanawa shi ne inuwar da ɗinkin ke haifarwa, ya kuma ƙara mata gishiri. Ƙaramin abu ƙaramar inuwa yake yi, hasken ɗaki kuma yakan shafe ta, dole sai hannu ya taimaka.

Hanyar da suka fi bi mataki uku ce. A shafa launin rigar gaba ɗaya. A tsinka wani launi mai duhu da ruwa sosai, a bar shi ya gangara ya kwanta a ramuka da ninki da kan haɗi. In ya bushe, a koma da launi mai haske a taɓa wuraren da suka taso, irin su kafaɗa da gwiwa. Duk gardamar tana mataki na biyu: wane duhu?

Kafin a ci gaba, akwai abin da mai karatu a Zamfara zai so a taɓo. Malamai suna da maganganu a kan sassaƙa surar abu mai rai, kuma da yawansu sun sassauta a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha. Wannan fage nasu ne. Abin da za a faɗa a nan game da launi ya hau kan mai zanen allon shago, da ɗalibin da aka ba aikin zane a makaranta, da tela mai zaɓen zare, ko da ba su taɓa gina doki ba.

Ƙorafin da aka kai wa shugaban marina

Dalilin da ya sa baƙi ke ba da kunya, wani marini ne ya fara bayyana shi dalla-dalla. A 1824 aka naɗa masanin sinadarai Michel Eugène Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Paris, inda ake saƙa manyan labulen bango masu hotuna. Masaƙa suka yi ta ƙorafi cewa baƙin zaren da ake ba su ba shi da ƙarfi, musamman idan suka yi amfani da shi wajen inuwar tufafi masu launin shuɗi da shunayya. Ya gwada zaren, ya kwatanta shi da na wasu marinai, ya tarar babu abin da ya same shi. Laifin na ido ne. Launi yana canja kama gwargwadon wanda ke maƙwabtaka da shi: baƙi a gefen shuɗi sai ya yi kamar ya koɗe, ya ɗan yi ja-ja. A 1839 ya wallafa littafi a kan wannan, kuma masu zanen Faransa da suka biyo baya, irin su Monet, sun shahara da yin inuwa da shuɗi da shunayya a maimakon baƙi.

Ba sai an je Paris ba. Ka tsaya a filin Idi da hantsi ka dubi farar shadda a jikin wanda ke gabanka. Ninkin da ke kan kafaɗa, wanda rana ba ta samu ba amma yana kallon sama, shuɗi-shuɗi yake yi, domin hasken sararin sama ne ke faɗa masa. Ƙasan rigar kuwa, wajen kalmasa, yakan ɗauki ja-ja ko ruwan ƙasa, saboda hasken da ke dawowa daga jar ƙasa. Baƙi ƙirin sai a can cikin hammata ko ƙarƙashin rawani, shi ma ɗan kaɗan. In hazon hunturu ya sauka, shuɗin nan yakan ɓace, duk inuwar ta koma ruwan toka mai ɗumi.

Ga kuma abin da ke faruwa a cikin kwano. Rawaya in aka ɗiga mata baƙi, kore-kore take komawa, kamar ɗanyen kashin shanu. Ja yakan mutu ya zama kamar tsohon jini. Fari ya zama toka marar rai. Wanda ya taɓa gwadawa ya san haka.

Riga-riga, inuwa-inuwa

Farar riga ita ce ta fi wuya, kuma ita ce aka fi sawa. Masu wanki sun daɗe da gano sirrinta, shi ya sa suke sa bula: ɗigon shuɗi yana sa fari ya ƙara fita. To haka inuwarta. A sami fari, a ɗiga masa shuɗi kaɗan da ɗan ruwan ƙasa don kada ya yi kama da rigar makaranta, a tsinka, a bi kan haɗin kafaɗa da gefen aljihu da zagayen wuya. Idan rigar irin ta saƙar hannu ce, wadda farinta ya ɗan yi madara, sai a karkata wajen ruwan ƙasa a rage shuɗin. A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne fara shafa fari fat tun daga tushe. In ka fara da mafi haske, ba ka bar wa kanka inda za ka hau ba. Gara a fara da farin da ya ɗan dushe, a adana fari tas don ƙololuwar kafaɗa da goshin rawani.

Masu ɗinkin hannu na Zariya da Kano sun riga kowa a wannan ilimi. Dubi babbar riga fara da aka yi wa aiki da farin zare: aska biyu ko aska takwas a kan aljihu, tambari a ƙirji da baya. Launi ɗaya ne da yadin, amma daga nesa ana ganin aikin raɗau. Abin da ake gani inuwa ce, domin zaren ya taso sama da yadin, ga kuma ɗaruruwan ƙananan huji da allura ta zagaye, kowanne da ɗan duhunsa. Mai son kwaikwayon wannan a jikin mahayin da bai wuce yatsa ba, kada ya ce zai zana kowace aska. Ya isa ya ɗan duhunta wurin aljihun gaba ɗaya, sannan ya ja sirara biyu ko uku masu haske, masu tsini. Ido zai cike sauran.

Rigar saƙi da sauran tufafin gargajiya suna da wani ƙarin aiki, domin daga siraran saƙa ake haɗa su, ɗinki bayan ɗinki. Mafi tsanani shi ne turkuɗi na garin Kura a Kano, wanda Buzaye ke naɗawa: faɗin kowane tsiri bai kai santimita biyu ba. A jikin ƙaramin mahayi wannan ya zama kusan sulusin milimita. Wanda ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya zai ƙare da riga mai kama da tabarma. A zaɓi uku ko huɗu inda rigar ta miƙe, a bar sauran.

Shi kuwa rawani ɗan Kura, ko rigar da ta sha baba ta sha bugu, lamarinsa a juye yake. Ya riga ya yi duhu, babu sauran wurin sauka sosai. Abin da ke fitar da shi ƙyalli ne, wannan walƙiya mai ja-ja kamar tagulla da masu bugu ke samarwa idan sun buga shuni a jikin yadin. Saboda haka a nan haske ake zaɓa da kulawa: shunayya mai ɗan ja a kan tudun ninki. Inuwar kuma shuɗi mai duhu da aka haɗa da ruwan ƙasa mai duhu, wanda yakan ba da wani baƙi mai zurfi da ya fi na gwangwani kyau. Wannan ne kaɗai wurin da zan yarda a ɗiga baƙi na ainihi, a can cikin naɗin.

Dogarai, da yawanci ja da kore suke sawa, sun zo da sauƙi: kowane launi yana ɗauke da maganin ɗan'uwansa. Ɗigon kore a cikin ja yana ba da inuwar ja, ɗigon ja a cikin kore yana ba da inuwar kore. A inda ƙyallen ja ya haɗu da na kore, siririn layi na ruwan ƙasa mai duhu ya wadatar. Rawaya kuma ruwan goro take so, sannan ruwan ƙasa a can ƙarshe. Kada a manta da shafi, ƙyallen nan mai launi da ake sawa ta cikin bakin riga, wanda ke leƙowa idan an saɓa hannun riga a kafaɗa. Ɗigo ɗaya nasa yakan tayar da mahayin duka.

Inda maganar ta daina zama ta ado

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, amma magani bai yi aiki ba. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana kawo shi cikin gari, a niƙa a injin niƙa, a daka a turmi a tsakar gida, a shanya a inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu. A wani binciken da aka yi a ƙauyuka biyu, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce.

Sunayen Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, 'Yargalma da Tungar Guru sun shiga jaridun duniya. An kankare saman ƙasar gidaje an zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka share ta, bayan matsin lamba daga matasa da ƙungiyoyi ya sa gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗi. MSF ta yi fiye da shekara goma tana ba dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jini, kafin ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage haramcin a Disambar 2024.

Me ya haɗa wannan da dokin laka? Abu uku.

Na farko ita kanta lakar. A kududdufi ake wanke niƙaƙƙen dutse, a kududdufi yara ke ɗibar laka. Hannun da ya cura ta shi ne zai shiga baki, ya shiga kwanon tuwo. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta kuma da wari. A garin da aka taɓa sarrafa dutsen zinare, ko ake kan yi, inda yaro ya samo lakarsa ya fi launin da zai shafa mata muhimmanci.

Na biyu shi ne baƙin da ya fi kusa da hannu a ɗakin uwa: kwalli. Tozali na dutse, mai ƙyalli kamar azurfa, galibi ainihin dutsen dalma ne, dangin wanda ya yi ɓarna a Bagega. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi diddigi aka gano daga kwallin da ake sa masa ne. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Yaron da ke neman abin da zai yi inuwar rawani zai ga tandun kwalli ya yi masa daidai: ga laushi, ga duhu, ga ƙyalli. Bai kamata ya kai hannu ba. Maganar sa wa jarirai kwalli kuwa ta cancanci nata rubutun daban, kuma na san ba za ta yi wa kakanni daɗi ba.

Na uku fentin gwangwani. An daɗe ana amfani da sinadaran dalma a fentin mai, irin na ƙofa da taga da ƙarfe, don launi ya yi kaifi ya kuma bushe da wuri. Gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun nuna rawaya, ruwan goro, ja da kore ne suka fi ɗaukar ta, wato dai launukan dogari da na kayan doki. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su sa ita ce kashi 90 cikin miliyan. Duk da haka a 2007 sai da kamfanin Mattel ya janye fiye da kayan wasa miliyan ɗaya daga kasuwa saboda dalma a fentinsu. In babban kamfani mai ɗakin gwaji ya faɗa wannan rami, ina ga ragowar fentin da aka juye a gwangwanin madara, babu suna babu takarda? Su ma masu ƙananan sojojin sun bi ta nan: Britains ya daina na dalma a 1966, manyan kamfanonin da ke yin na wasannin tebur kuma suka sauya ƙarfe a shekarun 1990.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Wadda ba ta kai ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta taɓa ba ya dawowa. Yaron Anka ko Bukkuyum da wataƙila ya riga ya ɗauki wani kaso daga ƙura, ba shi da sararin ƙara wani daga abin wasa.

Akwai kuma wata ɗabi'a da masu wannan sana'a suka sani sarai: lasar bakin buroshi don ya yi tsini. A shekarun 1920 haka 'yan matan da ke yi wa agogo fenti mai haske a Amurka suka riƙa haɗiyar sinadarin radiyom har ya ci ƙasusuwansu. A murza bakin buroshin a bayan hannu ko a jikin tsumma mai laima, tsinin zai fito.

Abin da ke cikin gida

Duk launukan da aka lissafa a sama ana iya samunsu ba tare da fentin mai ba. Fentin ruwa na 'yan makaranta ya isa, kuma shi ne ya fi dacewa da laka, don tana shan sa. Wanda bai da shi, yana da abin da ake haɗa shi da shi: ƙaro, wanda har gobe shi ne ke riƙe fentin ruwa a masana'antun Turai. A jiƙa shi ya narke, a tace. Garin gawayi a cikinsa ya ba da tawada irin ta allo, wadda in aka tsinka ta sosai takan zama toka mai taushi. Shuni ko bular wanki su ba da shuɗi. Karan dafi, da dukawa ke rina fata da shi, ya ba da ja. Gangamau ya ba da rawaya, ko da yake rana na koɗar da shi da wuri. Ruwan bagaruwa ko na makuba ya ba da ruwan ƙasa, wanda shi ne launin da ya fi kowanne amfani wajen inuwar ɗinki. Farar ƙasa da jar ƙasa ma suna yi, da sharaɗin da aka faɗa: a san ramin da suka fito. Su ma waɗannan ba na baki ba ne, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Buroshin siririn layi kuwa, gashin kaza ɗaya da aka fige aka bar tsininsa yana yi, haka ma 'yan silin gashin wutsiyar akuya da aka ɗaure a tsinke. A tsoma, a goge mafi yawan ruwan a tsumma, sannan a ja layin sau ɗaya daga kafaɗa zuwa ƙasa ba tare da an tsaya ba. In an gama, a miƙa hannu da mahayin a dube shi daga nesa, a rana sannan a cikin zaure. Idan layin ne ya fara faɗo wa ido kafin rigar, ya yi duhu da yawa: a jiƙa gashin da ruwa zalla a bi ta kai tun bai bushe ba.